Sandar Majalisa a Rumbun Iri

Azumin bana ya faɗo tsakiyar bazara, kuma tun ranar farko jikina ya gane shi. Irin zafin nan ne da tun hantsi bangon ɗaki ke ɗaukar wuta, ka jiƙa tabarma ka kwanta, kafin ka juya ta bushe ƙarau. An ce watan azumi kan zagaye shekara ya dawo inda ya tashi bayan shekara talatin da 'yan kai. To, ga shi ya dawo. Ni kuwa abin da ya taho mani da shi ba mai daɗin tunawa ba ne.

Shekaranjiya muna zaune gindin bishiyar bedin ƙofar gidana a Ƙofar Kwaya, muna jiran rana ta yi sanyi, sai rediyo ya ce wata majalisa ta amince da duk abin da aka kai mata a zama ɗaya, ko mutum guda bai ɗaga hannu ya ce a'a ba. Maƙwabcina ya zungure ni da gwiwar hannu, ya ce, "Saje, ku dai a zamaninku ko ba komai kuna faɗa." Na ce mashi don Allah ya kama bakinshi, muna azumi. Ya yi dariya, ya ɗauka tsokana ce irin tamu. Na tashi na shige gida.

Saje ake ce mani don ni ne mai ɗaukar sandar majalisar kansiloli a wata ƙaramar hukuma kusa da birni. Ba zan kama sunanta ba, 'ya'yan mutanen suna nan da ransu. Sandar ta katako ce mai kan tagulla, tsawonta da kaurinta kamar taɓarya. Ka'idar ita ce, in ba ta bisa tebur, duk abin da kansiloli suka faɗa hira ce kawai, ba doka ba. In na shigo da ita a kafaɗa kowa sai ya miƙe tsaye, har alhazan da suka haife ni. Kai, na ji daɗin aikin nan! Matata Indo ta ce har tafiyata ta canza.

Zamanin jam'iyyu biyu ne kacal. Ciyaman ɗan jam'iyya ɗaya ne, yana da kansiloli biyar. Shida na ɗayar, wadda nake ce ma tamu. Ni ma'aikaci ne, bai kamata a ce ina da tamu da tasu ba, amma shugaban kansilolin, Alhaji Mamman, wanda kowa ke ce ma Lida, shi ya samo mani aikin, to ina zan sa kaina? Gaba ta yi gaba. Masu shayi biyu ne a bakin sakatariya, kowane ɓangare da nashi. In aka yi rasuwa gidan 'yan can, sai ka duba gabas da yamma kafin ka shiga gaisuwa. Duk takardar da ciyaman ya aiko, ko ta gyaran famfo ce, shidan nan sai sun mayar da ita. Shi kuma ya sa aka kwashe fankokin zauren majalisa wai za a kai gyara, har na bar aiki ba su dawo ba.

Daminar da ta gabaci azumin waccan shekarar ba ta yi ba. Ruwa ya ɗauke gero na tsakiyar fidda kai, aka yi ta duban sama har aka gaji. Kafin azumi ya kama, rumbunan ƙauye sun yi fayau. Fulanin da ke kawo mana nono daga wajen Batagarawa suka daina zuwa, shanun sun zama ƙashi da fata. A gidana Indo kan jiƙa tsamiya tun azahar, ta dama kunu tsululu wanda kana iya ganin gindin kofi ta cikinshi, ta kwaɗa zogale busasshe da ɗan ƙuli, shi ne shan ruwa. Tuwo sai sahur, shi ma malmala ɗaya mu raba da yara. Kuma fa mu masu albashi ke nan.

Yayana Sale yana ƙauyen da aka haife mu, shi ke riƙe da gonar Baba da gidan Baba, baki goma sha wani abu a wuyanshi. Bayan gidan akwai rumbuna biyu. Babban na ci ne. Ƙaramin na iri ne, kuma a gidanmu wannan ba abin wasa ba ne. Geronmu wani ɗan gajere ne mai saurin nuna, Baba ya gada wurin babanshi. Duk kaka, kafin a yanke ko zangarniya ɗaya ta ci, Baba kan bi gona da kanshi ya tsinci manyan kawuna, a ɗaure su, a barbaɗe da toka, a sa a ƙaramin rumbu a kife jinka. Daga ranar ba mai ɗaga jinkar nan sai ranar da ruwan shuka ya sauka. Ko da haihuwa, ko da rasuwa, ko da yunwa. Ina yaro na taɓa leƙawa, dukan da na sha har yau ina jin shi. Yaya Sale ya riƙe wannan ka'ida fiye da Baba ma, kuma a waccan mummunar kakar ɗan abin da ya tsira shi ya tsince ya sa a ciki.

Ana saura kwana kaɗan azumi sai ga manyan motoci sun shigo sakatariya da hatsin tallafi, masara da dawa, aka cika sito har bakin ƙofa. Da takarda suka zo: ba za a raba ba sai majalisar kansiloli ta amince da yadda za a raba. Shi ke nan, aka samu abin faɗa. Ciyaman ya ce ta hannun shugabannin jam'iyya na mazaɓu za a bi, wato nashi. Lida ya ce ta hannun kansiloli, wato namu sun fi yawa. Na shigo da sanda, a miƙe, a zauna, a yi ta zage-zage da bakin azumi gumi na ɗiga bisa takardu, na ɗauki sanda, a watse. Mako guda cur haka.

Kansilan mazaɓar su Yaya Sale, Malam Iro, namu ne, tsohon malamin firamare, mutum mai sanyin magana. Shi ya gaji. Ya kawo shawara a cire hannun jam'iyya gaba ɗaya, a ba masu unguwanni da limamai su raba gida-gida, kowace mazaɓa daidai yawan gidajenta. Biyar ɗin ciyaman suka ce sun yarda, don shi ma yana so a ce a hannunshi aka ci abinci kafin Sallah. Biyar da Malam Iro, shida ke nan. Aka sa zama ranar Litinin.

Ranar Alhamis bayan azahar Lida ya kira ni ofis ya rufe ƙofa.

"Saje, ka ga abin da Iro zai yi mana?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai kamar shawarar ba ta da laifi."

"Ba ta da laifi? Yau in suka yi shida a kan hatsi, gobe shida za su yi su tsige ni. In na tafi, kai wa zai bar ka? Kuma a ce wancan mutumin ne ya ciyar da talakawa? Wallahi ba da ni ba." Ya sassauta murya. "Ba sanda, ba zama. Ba zama, ba mai taɓa siton nan. Mako ɗaya kawai nake so in shawo kan Iro, a raba ta hannunmu. Mazaɓar yayanka ce za ta fara samu, ni na faɗa maka."

Na yarda. Ba wanda ya sa mani wuƙa a wuya, gara in faɗi gaskiya. Na yarda har cikin raina cewa duk ikon ƙaramar hukumar nan yana cikin katakon da nake ɗauka, in na ɓoye shi komai zai tsaya cak ya jira mu.

Ina zan kai ta? Gidana za a fara bincikawa. Sai dabara ta faɗo mani, har ina yaba ma kaina wayo: akwai wuri ɗaya a duniya da na tabbata ba mai buɗewa sai ruwa ya sauka, kuma ruwa saura wata biyu.

Ranar Asabar na naɗe ta cikin buhu na ɗaure bayan babur na tafi ƙauye. Na iske garin ba maza, duk suna bakin rijiya ana yasa, don guga ya fara fitowa da laka. Na zagaya ta bayan gida, na ɗaga jinkar ƙaramin rumbu. Ƙamshin toka da gero ya bugi hancina. Na zura sandar ta gefen dammunan, na mayar da jinka, na share sawuna da reshe. Daga nan na wuce bakin rijiya kamar yanzu na iso.

Ban manta wannan yini ba. Mutum biyu a ƙasa suna haƙa, sauran mun yi layi muna jan igiya, kwandon laka na fitowa ana zubarwa. Rana ta tsaya bisa kai, ƙasa na ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Leɓɓan kowa sun tsage, ba mai magana sai salati. In wanda ke ciki ya galabaita a jawo shi, a kwantar da shi inuwa a zuba mashi ruwan laka a ka, wani ya sauka. Yaya Sale na gabana a igiya, na ga haƙarƙarinshi ana iya ƙirgawa ta cikin riga. Da aka tsaya hutawa ya juyo.

"Hamisu, ku da ke wajen manya, mi ake ciki da hatsin ga? Mun ji an ce ya iso."

Na ce, "Saura kaɗan, Yaya. Ku za a fara ba."

Ya ce, "To Allah shi sa. Dusa muke tankaɗewa yanzu."

Ranar Litinin na shiga sakatariya ina salati da ƙarfi, na ce an fasa kabad an sace sanda. Da azumi a bakina na yi wannan ƙarya, gaban 'yan sanda, ko ƙifta ido ban yi ba. Kansiloli suka taru a zaure, tebur wayam. Biyar ɗin ciyaman suka ce a zauna haka nan, magatakarda ya ce shi ba ya rubuta zaman da ba sanda. Wani ya ce a sa kafinta ya sassaƙa wata, aka ce ita ma sabuwar sai majalisa ta zauna ta amince da ita. Ka ji fa! Da kowa ya fita, Malam Iro ya tsaya gabana ya dube ni.

"Saje, ni na koya maka karatu a aji uku. In ka san inda take, ka ji tsoron Allah. Jiya mun binne yara biyu a mazaɓata."

Na ce ban sani ba. Ya gyaɗa kai ya tafi.

Makon Lida ya zama biyu. Malam Iro bai shawu ba, sai ma jam'iyya ta kore shi wai ya ci amana. Zafi ya ƙaru. Iska in ta taso kamar daga bakin murhu take fitowa, kwalta na kama tayar babur. Mutanen ƙauyuka suka fara zuwa suna zama inuwar bangon sito da buhunansu a naɗe, tsofaffi da mata masu goyo, tun safe har la'asar. Ta ƙarƙashin ƙofa ana jin ƙamshin masara, tsaba na zubowa kaji na tsattsaga. Kullum ta gabansu nake wucewa. Sau biyu na je wa Lida na ce a fito da ita haka nan, ya ce in ƙara haƙuri, ciyaman ya kusa durƙusawa. Na aika ma Yaya Sale ɗan garin rogo sau ɗaya, ban iya zuwa da kaina ba.

Ashe ciyaman ba durƙusawa yake ba, unguwar GRA ta birni yake zirga-zirga wajen manya. Ranar ashirin ga azumi ya dawo da takarda mai layi uku: tunda majalisa ta kasa zama, shugaban ƙaramar hukuma ya ci gaba da rabo yadda ya ga ya dace.

Ina tsaye aka kira mai sito ya buɗe kwaɗo. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ba sanda, ba zama, ba magatakarda, ba wanda ya miƙe ma kowa tsaye. Ƙofa ta buɗe kamar kowace ƙofa. Ni da nake ganin na ɗaure ƙaramar hukuma ɗungurungum, ashe mu kaɗai na ɗaure. Kafin azahar motoci sun yi lodi sun nufi mazaɓu biyar na ciyaman, ta hannun shugabannin jam'iyyarshi, abin da tun farko ya so. Mazaɓu shida ko ƙwaya. Har ta Malam Iro, don a takarda har yanzu ta 'yan adawa ce. Mutanen da suka yi kwana da kwanaki a gindin bango suka naɗe buhunansu suka kama hanya a ƙasa.

Na ruga ofishin Lida. Na iske shi yana rubuta takardar koke, har da fara'arshi, wai yanzu ne muka samu abin yaƙin zaɓe. Na ce, "Ranka ya daɗe, mutane fa?" Ya ce in bar sandar inda take sai bayan Sallah, 'yan sanda ba su rufe magana ba.

Daga ranar ciyaman ya gane yana iya yi ba mu, kuma duk wanda ya zo bayanshi da wannan karatu ya zo. Yanzu da kansiloli da ciyaman duk jam'iyya ɗaya suke fitowa, na ji an ce a wasu wuraren sandar ma a but ɗin motar ciyaman take kwana, ranar da yake son sa hannu a fito da ita. Ba mai ɓoye ta, don ba mai tsoronta. Mu da muke faɗa da waɗanda ba su faɗa, ban ga wanda talaka ya ci tuwonshi ba.

Ana saura kwana uku Sallah, bayan la'asar, ina kwance a zaure na lulluɓa da jiƙaƙƙen zane, sai na ji sallama. Yaya Sale ne bisa keke, ya yi tafiyar nan duka cikin rana, ƙafafunshi fari fat da ƙura. A bayan keken an ɗaure wani dogon abu cikin buhu. Ina ganin buhun na gane abin da ke ciki.

Ya zauna bisa tabarma. Muka gaisa kamar kullum. Ina wuni, ina gajiya, ya ibada, ya iyali, ya su Indo, ya zafi. Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Ni ma na tambayi nashi. Bai yi sauri ba ko kaɗan. Da muka gama ya tashi ya kwance buhun ya ajiye shi a gabana, kan tagullar ya leƙo, duk toka.

"Kwana biyu yara ba su sa komai ba sai ruwan dusa," ya ce. "Ƙaramar ta daina kuka ma. Jiya na ɗaga jinkar Baba."

Ya nuna sandar.

"Na zura hannu in ɗauko iri, wanga abu na fara taɓawa. Duk garinmu ba wanda bai san don shi anka hana mu hatsi ba. Malam Iro ya faɗa mana a masallaci. Har addu'a munka yi a kan wanda ya ɗauke shi, ni na fi kowa ɗaga murya wajen amin."

"Yaya, wallahi cewa aka yi ku za a fara..."

Ya ɗaga hannu. "Ban zo jin wannan ba. Abu ɗaya nike so in sani. Duk faɗin ƙasar Katsina, mi ya sa nan?"

Na ce, "Na san ba ka buɗewa."

Ya dube ni. "Ka san ba ni buɗewa," ya maimaita a hankali. "To ka sa na buɗe."

Da zagina ya yi, ko ya ɗauki sandar ya rafka mani, da na ji sauƙi. Sai ya koma wajen keke ya kwanto wani ɗan kwano da aka ɗaure da tsumma, ya ajiye kusa da sandar ya buɗe. Dunƙulen fura ne guda biyu, an barbaɗe su da gari.

"An sussuke duka, an dake. Gadonmu ne mu biyu, ba ni cinye maka rabonka. Ka sha ruwa da shi."

Na kama gefen rigarshi na ce ya tsaya a sha ruwa, rana ta kusa faɗuwa, ya kwana gobe ya tafi. Ya zame rigar ba tare da fushi ba, ya leƙa ya yi ma Indo sallama daga bakin ƙofa, ya hau kekenshi. A hanya ya sha ruwa, ban san da mi ba.

Ruwan shuka ya zo a kan lokaci waccan shekarar, mai yawa, har ƙasa na ƙamshi kwana uku. Na sayi iri a kasuwa na kai mashi, ya karɓa ya ce an gode, ya shuka. Dogon gero ne mai jinkirin nuna, ba irin namu ba. Na bi ƙauyukan da Baba ya taɓa ba mutane iri, gida-gida, duk wanda na tambaya sai ya ce ai su ma sun ci nasu a azumin nan. Har Yaya Sale ya rasu muna zumunci, ana biki ana suna tare, amma bai sake tambayata labarin aiki ba ko sau ɗaya.

A yammacin ranar da ya kawo furar dai, Indo ta fito ta ga sanda, ta ga kwano, ta dube ni. Ta ɗauki furar ta dama da ruwan randa, don ba nono, ta kawo ta ajiye gabana da ludayi. Yara suka matso, na ce su tashi. Ladan ya kira salla. Na so in ƙi sha, amma zubar da ita ya fi ƙarfina, ba kuma wanda zan ba ya ɗaukar mani. Na yi bismillah na kai baki. Ta yi daɗi. Wallahi tallahi ban taɓa shan fura mai daɗinta ba, kuma yunwa nake ji, na shanye ta tas ina kuka, har na side ludayin.